Willie Pep da Salvador Sánchez: in an haɗa su a ajin fedawet wa zai kai labari?

Ɗan'uwa, ka tambaya cewa da za a tattaro manyan 'yan damben ajin fedawet na zamani daban-daban a zuba su a ringi ɗaya, kowa yana kan ganiyarsa, wa zai doke wa, kuma ka ambaci Willie Pep da Salvador Sánchez da Naseem Hamed da Pacquiao da Lomachenko. Toh ni dai karawar da ta fi daɗewa tana cin raina a cikinsu ita ce ta Pep da Sánchez, kuma bari in faɗa maka matsayata tun daga farko: Pep nake ba, da maki, bayan turmi 15, amma da ƙyar da jiɓin goshi, kuma Pep ɗin kafin 1947 nake nufi. Ina cikin masoyan Sánchez na gani kashe ni, don haka ba da daɗin rai nake faɗin haka ba, abin da idona ya nuna min ne bayan shekaru ina horar da yara ina kuma maimaita kallon faifan mutanen nan biyu.

Kafin a je kan mutanen sai an fara daidaita doka, don yawancin masu wannan musun a nan suke tuntuɓe. Iyakar fedawet laba 126 ce, wato kilo 57 da 'yan ɗoriya, wannan bai canza ba tun zamanin Pep har yau, abin da ya canza shine lokacin hawa sikeli. A da ranar faɗan ake auna ka, ka hau sikeli da rana da dare ka shiga ringi, saboda haka wanda aka ce fedawet ne toh da gaske fedawet ɗin ne. Yanzu kuwa ana saura kwana ɗaya ake awo, yaro zai matse jikinsa ya hana kansa ruwa har ya sauko 126, yana sauka daga sikeli ya hau ɗura, washegari ya shigo maka da jikin wani aji daban. Ka dubi abin da ya samu Lomachenko a watan Maris na 2014, a faɗansa na biyu kacal bayan ya zama ƙwararre. Orlando Salido bai ma iya kai awon ba, aka karɓe kambunsa tun a kan sikeli, daren faɗan kuma ya shigo yana laba 147, nauyin ɗan weltawet kenan, aji huɗu a sama, ya yi ta danne shi yana dukansa ƙasan bel har ya ci da maki. In ka jefa Pep cikin irin wannan tsarin ba fedawet ka haɗa shi da shi ba.

Sai yawan turmi, kuma wannan shi ya fi shafar Sánchez. Faɗan kambun duniya turmi 15 ne a zamaninsu duka biyun. Bayan rasuwar Kim Duk-koo na Koriya ta Kudu a Nuwamban 1982, sakamakon faɗansa da Ray Mancini a Las Vegas, hukumar damben duniya ta WBC ta rage zuwa 12, sauran hukumomin suka bi sahu kafin ƙarshen shekarun 1980. Yanzu ka lura da wani abu: Sánchez ya tsayar da Danny Lopez, wato ya ci shi tun kafin turamen su ƙare, a turmi na 13 a karon farko, ya sake tsayar da shi a turmi na 14, ya tsayar da Azumah Nelson a turmi na 15. Uku daga cikin manyan nasarorinsa duk a turamen da yau babu su aka yi su. Wanda ya ce a haɗa shi da wani a turmi 12 ya yanke masa hannu ɗaya kenan tun kafin a kaɗa ƙararrawa. Akwai kuma maganar safar hannu, ta da ta fi ƙanƙanta, da maganar rafali, don abin da rafalin 1950 zai kau da kai a kai na yau zai rage maka maki ne ko ya kore ka. Don haka ni a lissafina, awo ranar faɗa, turmi 15, rafali mai adalci amma ba mai yawan raba mutane ba. Duka biyun a ƙarƙashin wannan suka rayu, babu wanda aka zalunta.

Willie Pep, sunansa na yanka Guglielmo Papaleo, ɗan jihar Connecticut ne a Amurka, iyayensa 'yan asalin Italiya, an haife shi 1922. Ya karɓi kambun duniya na fedawet a hannun Chalky Wright a Nuwamban 1942 yana ɗan shekara 20. Ya ci faɗa 62 a jere kafin ya fara ɗanɗana rashin nasara a hannun Sammy Angott a 1943, shi ma Angott ɗin ɗan laitwet ne, ajin da ke sama da fedawet, ya fi shi nauyi. Ranar da ya fara haɗuwa da babban abokin hamayyarsa Sandy Saddler a 1948, ya ci faɗa 134, ya faɗi ɗaya, kunnen doki ɗaya. Ya ƙare rayuwarsa ta dambe da faɗa 241, ya ci 229. Na san abin da samari suke cewa, wai ai da yawan waɗanda ya doke ba wasu ba ne, kuma gaskiya ne a ciki akwai faɗan neman abinci da yawa, a lokacin mutum yakan shiga ringi sau biyu ko uku a wata. Amma a cikin jerin nan akwai Chalky Wright fiye da sau ɗaya, akwai Sal Bartolo, akwai Manuel Ortiz zakaran bantamwet, ajin da ke ƙasa da fedawet. Kuma abin da wannan yawan faɗan yake ba mutum ba a samunsa a wajen atisaye, babu irin salon da bai gani ba, dogo da gajere, bahago da mai dama, mai tsafta da mai ƙazanta.

Akwai labarin da ake yawan yaɗawa cewa a faɗansa da Jackie Graves a 1946 ya ci turmi guda ba tare da ya kai naushi ko ɗaya ba. Kar ka gina hujja a kansa, waɗanda suka koma jaridun lokacin sun tarar an rubuta cewa ya kai naushi a turmin. Kuma labarin ya ma cuci Pep, ya sa mutane suna ɗaukarsa ɗan gudu. Pep ba gudu yake ba. Ka samu faifansa ka rage saurin bidiyon ka kalli ƙafafunsa kawai, ka manta da hannu. Zai ja da baya har bayansa ya kusa taɓa igiya, ya ɗan karkata kafaɗa kamar zai fita ta hagu, abokin karawar ya ɗora nauyinsa a ƙafar gaba don ya tare shi, a daidai wannan lokacin sai ya zame ta dama, ya ɗora tafin hannunsa a gwiwar hannun mutumin ya ɗan tura shi, sai ka ga ƙato ya wuce fuuu yana fuskantar igiya, kafin ya juyo an ɗirka masa jab biyu, wato miƙaƙƙen naushin hannun gaba, da hannun dama ɗaya, Pep kuma yana tsakiyar ringi yana jiransa. Ba shi da naushi mai kwantar da mutum, 65 kacal ya tsayar a cikin 229, amma hannunsa baya hutawa, kuma alƙalan maki abin da ya shiga suke ƙirgawa.

Me ya sa na ce kafin 1947? A Janairun shekarar jirgin saman da yake ciki ya faɗi, ya karye a ƙafa, ƙashin bayansa ya tsage, wasu daga cikin fasinjojin ma sun mutu. Cikin wata shida ya dawo ringi ya ci gaba da cin faɗa, abin mamaki ne wallahi, amma duk karawarsa huɗu da Saddler bayan haɗarin aka yi su. Wanda yake auna Pep da Saddler kaɗai, Pep ɗin da aka ɗinke yake aunawa.

Shi kuma Sánchez, ɗan garin Santiago Tianguistenco a Meziko, an haife shi 1959. A Fabrairun 1980 ya je Phoenix kusan babu wanda ya san shi a wajen ƙasarsa, ya karɓe kambun WBC daga Danny Lopez, mutumin da hannun damansa ya kwantar da mutane ba adadi. Ya kare kambun sau tara cikin shekara biyu da rabi. A Agustan 1981 Wilfredo Gómez na Puerto Rico ya hauro daga laba 122 da nasara 32, duka 32 ɗin kuma tsayarwa ya yi, mutane da yawa shi suka ba, Sánchez ya kai shi ƙasa tun a turmin farko, ya kumbura masa fuska, rafali ya tsayar a turmi na takwas. Abin da yake ɗaure min kai da yaron nan shine fuskarsa. Ka kalle shi a kwana tsakanin turmi na 12 da na 13, bakinsa a rufe, idonsa a kan abokin karawa, kamar yanzu aka fara. Haɓarsa dutse ce, numfashinsa baya ƙarewa, kuma yana karanta mutum, abin da ka buge shi da shi a turmi na uku in ka sake kawowa a na tara sai ka biya kuɗinsa. Ya rasu a haɗarin mota ranar 12 ga Agustan 1982 yana ɗan shekara 23, sati uku bayan faɗansa da Azumah, da nasara 44, faɗuwa ɗaya, kunnen doki ɗaya. Har yau in na tuna sai in ji wani iri.

Toh amma a ajiye tausayi a gefe a dubi salonsa. Sánchez mai ramuwa ne, so yake ka kawo masa, ya ɗan kauce da kai ko ya ja rabin taku baya, ya mayar maka uku ko huɗu. Duk daren da ya fi haskawa, mutumin da yake gabansa mai tahowa ne: Lopez yana tahowa a miƙe kamar sanda, Gómez yana tahowa da zuciya. Yanzu ka dubi dararen da ya sha wahala. Patrick Ford na Guyana a Satumban 1980, dogo mai tsayawa daga nesa yana jab, Sánchez da ƙyar ya tsira da maki, alƙali ɗaya kunnen doki ya ba su. Pat Cowdell na Ingila a Disamban 1981 a Houston, ɗan dambe mai tsabta mai motsi wanda ba shi da wani naushin tsoro, ya kai shi har turmi 15, alƙalai suka rabu biyu da ɗaya, duk da Sánchez ya kai shi ƙasa a turmin ƙarshe. Ruben Castillo ma ya ba shi ciwon kai a farkon faɗansu. Duk inda aka tilasta masa shi ya bi mutum, shi ya fara kai hannu, sai ka ga ya zama mutum kamar kowa. Cowdell ɗan dambe ne nagari, amma tsakaninsa da Pep akwai tafiya mai nisa.

Na taɓa samun yaro a hannuna mai irin wannan halin, in ka taho masa sai ka raina kanka, yana ganin naushi tun daga kafaɗa. Ranar da aka haɗa shi da wani siririn yaro mai yawo, turmi biyu yana tsaye a tsakiya hannunsa na dama a ɗane yana jiran abin da ba zai zo ba, ina kwana ina masa ihu ya tare hanya, ya taka gefe ya daina bin sawu, yana ji amma jikinsa bai saba ba. Tare ringi ilimi ne daban da ramuwa, ƙafa ke yinsa, kuma wanda ya tashi mutane suna kawo masa kansu ba kasafai yake koyonsa da wuri ba. Sánchez ya fi wancan yaron nesa ba kusa ba, amma ciwon iri ɗaya ne.

Ga yadda nake ganin faɗan. Turmi shida na farko kusan duka na Pep ne, Sánchez dama ba mai saurin farawa ba ne in ba an afka masa ba, zai tsaya yana karatu, Pep yana shiga yana taɓawa yana fita, jab a goshi, jab a ƙirji, ya juya shi. Daga na bakwai Sánchez zai gane cewa kan Pep ba ya kamuwa, ya sauko jiki, ya fara zuba hagu a haƙarƙari duk lokacin da Pep ya zo zamewa ta gefen igiya, kuma zai fara cin wasu turamen. Daga na 11 zuwa sama faɗan zai koma hannunsa, ƙila ma ya fasa wa Pep gira, don fatar idon Pep ta sha ɗinki a rayuwarsa. Tambayar kawai ita ce ko zai iya tsayar da shi kafin ƙararrawar ƙarshe, ni kuma ban gani ba. Sánchez ba mai naushi ɗaya ba ne, tarawa yake har mutum ya rushe, kuma don ya tara sai ka tsaya masa. Pep ya san turmi 15, ya yi su da Wright, ya yi su da Bartolo, kuma a Fabrairun 1949 a Madison Square Garden ya yi su da Saddler, fuskarsa duk jini a turamen ƙarshe, mutumin da ya taɓa shimfiɗe shi wata huɗu baya yana binsa, amma ya tsaya da ƙafarsa ya karɓo kambunsa. Wanda ya tsira daga Saddler a wannan daren da jikin da ya taɓa faɗowa daga sama, zai tsira daga Sánchez da lafiyayyen jiki. A takardata turmi tara da shida ne, ko takwas da bakwai.

Tunda na ambaci Saddler bari in ɗan tsaya a kansa, don ban ga sunansa a tambayarka ba kuma bai kamata a yi wannan hirar babu shi ba. Gaba da gabanta. Dogo ne siriri, ƙafa biyar da inci takwas da rabi a ajin laba 126, ya tsayar da mutum sama da 100, kuma in ya rungume ka komai nasa makami ne, kai, gwiwar hannu, igiyar safar hannu, ya riƙe ƙeyarka da hannu ɗaya yana ɗago maka naushi daga ƙasa da ɗayan. Ya ci Pep uku cikin huɗu: ya kwantar da shi a turmi na huɗu a 1948, a 1950 a Yankee Stadium kafaɗar Pep ta goce bai fito turmi na takwas ba alhali yana gaba da maki, na 1951 a Polo Grounds kuwa kokawa ce kawai da ƙazanta har hukumar damben Niyok ta hukunta su duka biyun. Amma in ka haɗa Saddler da Sánchez da rafali mai ido, Sánchez nake ba, saboda Saddler mai tahowa ne kuma ana samunsa, faɗuwarsa 16 kusan duka da maki ne. In kuma rafalin 1951 ne toh labari ya canza.

Sauran da ka lissafa ba zan daɗe a kansu ba. Naseem Hamed yana da naushin da zai iya kwantar da kowa a cikin mutanen nan in ya shiga, kuma yana fitowa daga inda ba a zata, amma haɓarsa a sama take hannunsa a ƙasa, Kevin Kelley ya kai shi ƙasa sau uku a 1997 kafin Hamed ya gama da shi a turmi na huɗu, Marco Antonio Barrera kuma ya nuna wa duniya a 2001 cewa in ka ƙi afka masa ka tsaya bayan jab ɗinka toh dabararsa ta ƙare. Pep da Sánchez duk za su yi masa abin da Barrera ya yi. Pacquiao na 2003 da ya tsayar da Barrera a turmi na 11 guguwa ne, amma a lokacin kusan hannun hagu kawai gare shi, Juan Manuel Márquez ya faɗi sau uku a turmin farko a 2004 ya tashi ya gano shi har aka tashi kunnen doki, kuma Márquez mai ramuwa ne irin Sánchez, don haka wannan karawar ta Sánchez ce. Lomachenko shi ne wanda ƙafarsa ta fi kusa da ta Pep a wannan zamanin, zinare biyu a Olamfik, kambun duniya a faɗansa na uku da Gary Russell, sai dai zamansa a 126 gajere ne kuma bai taɓa ganin turmi na 13 ba. Henry Armstrong na 1937, wanda ya yi faɗa 27 a shekara ɗaya ya tsayar da 26, shi ne wanda zan fi jin tsoro a madadin Pep, don shi baya bin sawu, kansa yake ɗorawa a ƙirjinka ya zauna. Azumah Nelson na Gana kuwa faɗa 13 kacal gare shi lokacin da aka kira shi a ƙurarren lokaci ya maye gurbin wani, ya kai Sánchez turmi na 15 har alƙali ɗaya ya sa shi a gaba, Azumah na 1984 da ya je San Juan ya kwantar da Gómez a turmi na 11 wani mutum ne daban, kuma wannan karo na biyu tsakaninsa da Sánchez da ba a yi ba ya fi min ciwo fiye da duk karawar da muke ƙirƙira. Haka ma Eusebio Pedroza na Panama, ya riƙe kambun hukumar WBA daga 1978 zuwa 1985 ya kare shi sau 19, suna zamani ɗaya da Sánchez amma ba a taɓa haɗa su ba.

Masu cewa karen bana shi ke maganin zomon bana, wato na yanzu sun fi na da horo da abinci da likita, suna da gaskiya ta wani fannin, amma wannan hujjar ba ta aiki tsakanin Pep da Sánchez, gudu da tsallen igiya da buhu duka suka sani. Abu ɗaya ne zai sa in sauya magana, shine in ka ce sau biyu za su kara. Pep na 1946 ya riga ya gama nuna duk abin da yake da shi, Sánchez kuwa yana 23 bai gama girma ba, kuma yaro ne da yake komawa gida da darasi. In ya yi turmi 15 yana kallon inda Pep yake zamewa, a karo na biyu ba zai jira turmi na bakwai ba kafin ya sauko haƙarƙari, tun daga na biyu zai fara, kuma a wannan daren kam kuɗina a kan Sánchez zan sa.